Dawar Baba da Na Sare Saboda Wasan Ƙarshe

Assalamu alaikum Edita, tare da masu karatun wannan shafi. A lokacin da abin da zan faɗa ya faru, ni saurayi ne ɗan shekara ashirin da biyu, kuma kyaftin ɗin ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta garinmu, wani ƙaramin garin manoma da ke tsakanin Funtuwa da Malumfashi. Ba zan faɗi sunansa ba, ko da yake duk ɗan garin da ya karanta zai gane ni tun bai kai rabi ba. Na gama sakandare da sakamakon da ba ya kai mutum ko tashar mota, na dawo gida ina taya mahaifina noma, jikina a gona hankalina a filin wasa. Allah ya ba ni gudu, ya ba ni ƙafar hagu mai kyau, ni kuma na ƙara wa kaina girman kai wanda ya fi su duka biyun yawa. In na ratsa majalisa aka ce ga kyaftin nan, har tafiyata canzawa take yi. Yau ina da furfura, gwiwata ta dama tana gaya min zuwan ruwa tun hadari bai haɗu ba, kuma akwai abin da na kusa shekara talatin ina dakonsa a zuciya.

Shekarar ita ce wadda 'yan ƙwallon Najeriya suka ciyo zinare a gasar Olamfik a Amurka, suka doke Barazil, suka doke Ajantina. Wanda bai ga wannan lokaci ba, da wuya ya gane irin haukan da ya kama mu. Tsofaffin da ba su san ko mutum nawa ne ke buga ƙwallo ba, sai ga su suna musu a kanta a bakin masallaci. Kowane ƙauye ya kafa kulob, kowane mai ƙafa biyu ya laƙaba wa kansa sunan ɗan wasa. Mu kuwa da muka daɗe muna bugawa, sai muka ɗauka tsakaninmu da Amurka 'yar tafiya ce kaɗan. Ana cikin wannan zafi wani Alhaji mai sayen auduga ya sa kofi tsakanin garuruwan yankinmu, aka fara wasa tun ruwa bai ɗauke ba. Garinmu bai taɓa cin ko cokali ba a harkar wasa, amma a wannan karon sai ga mu muna fitar da abokan karawa ɗaya bayan ɗaya.

Kafin in ci gaba, dole in gaya muku labarin Baba da dawarsa. Akwai wani irin dawa da gidanmu kaɗai ke shukawa, doguwa ce mai jan ido, zangarniyarta na sunkuyowa don nauyi, kuma ba ta ƙosawa sai sanyi ya fara shigowa. Baba ya gaje ta daga mahaifinsa, shi ma daga nasa. Tuwonta in ya kwana aka ɗumama ya fi na jiya daɗi, kununta ba ya tsinkewa, kuma ƙwaro ba ya saurin kama ta a rumbu. A da gidaje da yawa suna da ita, amma da masara da takin zamani suka shigo, kowa ya koma wa abin da ke nuna da wuri, aka bar Baba shi kaɗai. Har tsokanarsa ake yi, wai sai kowa ya ƙoshi da sabon tuwo sannan tasa take tashi daga barci. Shi dai murmushi kawai yake yi. Kowace kaka, kafin a sa magirbi, yakan shiga gonar shi kaɗai ya bi ta kunya-kunya, ya zaɓi zangarniyoyin da suka fi cika da idonsa, ya ɗaure su ya rataye a saman murhun Inna inda hayaƙi ke bugunsu. Wannan shi ne irin baɗi, kuma ko yunwa ake yi ba mai taɓa shi. Gonar da yake shuka ta kuwa ita ce ta bayan makarantar firamare, shimfiɗaɗɗiya ba tudu ba kwari, iyakarta ɗaya da filin da muke wasa.

A wannan shekara ruwa ya sauka da wuri, muka yi shuka, sai ya ɗauke har kusan mako uku, tsiron ya ƙone. Da ya dawo, Baba ya sa aka sauko da ragowar irin da ke saman murhu aka sake shukawa. Ni da hannuna na zazzage ƙoƙon ƙarshe a cikin rami, don haka ba ni da bakin cewa ban sani ba. Duk abin da ya rage na wannan dawa a duniya yana tsaye a gonar nan. Ta kuwa yi kyau irin wanda aka daɗe ba a gani ba. Matsalar ita ce idon Baba. Yanar ido ce ta rufe masa shi, ya shekara da shekaru yana ƙin zuwa asibiti, sai da ya ga a kakar da ta wuce ya kasa bambance zangarniya mai kyau da mara kyau sai da lalube, sannan ya yarda. Yayana da ke aiki a Zariya ya shirya komai, ya zo ya ɗauke shi. Da safen da za su tafi, Baba ya kira ni zaure ya ce ya bar gonar a hannuna, in lura da tsuntsu da dabbobi, saura kamar mako huɗu ta ƙosa. Ya ce babban abin da ya sa zai je a taɓa masa ido shi ne ya dawo ya zaɓi irinsa da kansa. Na ce masa kada ya damu, ko akuya ba za ta leƙa ba.

Kwana uku da tafiyarsa muka ci wasan kusa da na ƙarshe. Aka yi ƙuri'ar garin da za a buga wasan ƙarshe, ta faɗo kanmu. Garin ya ɗauki sowa, amma murnar ba ta yi nisa ba, domin da masu shirya gasar suka zo suka auna filin makaranta da igiya, sai suka ce ya yi kaɗan, ga kuma kwazazzabo ya ci gefensa na gabas. Suka ba mu kwana huɗu mu samar da cikakken fili, in ba haka ba a kai wasan garin abokan karawarmu. Su kuwa waɗannan mutane, tsakaninmu da su akwai tsohuwar tsama, tun ta kasuwa har ta neman aure. Tun a ranar suka fara aiko mana da saƙon cewa sun share mana wurin zama, mu taho da tabarminmu. Aka taru a ƙarƙashin darbejiyar makaranta da la'asar, 'yan wasa da malamin da ke horar da mu da wasu manyan gari, ana ta juya magana. Gabas kwazazzabo, kudu ajujuwa, arewa hanya. Yamma kaɗai ta rage, kuma a yamma dawar Baba ce tsaye tana kaɗawa. Ba wanda ya buɗe baki ya roƙe ni, wannan gaskiya ce da dole in faɗa. Malamin dai ya ce abin takaici ne, da a ce an yi girbi da an roƙi Malam, wato Baba, aron wurin. Sai wasu suka riƙa satar kallona.

A nan na yi ƙaryar da ta bi ni har yau. Na miƙe na ce ai tun kafin Baba ya tafi mun yi maganar, ya ce in gari ya buƙaci wurin a yi amfani da shi. Ban shirya ta ba, fitowa kawai ta yi, amma da na ji yadda wurin ya kaure da kabbara, aka ɗaga ni sama, sai na ji ko an ba ni dama ba zan janye ba. A lokacin babu wayar hannu da wani zai kira ya tabbatar, kuma wa zai zaci ɗa zai yi wa mahaifinsa irin wannan ƙage? Na riƙa lallashin kaina da cewa taku arba'in kawai za mu ci, sauran gonar na nan. Na kuma gaya wa kaina cewa wadda aka sare ma in an jingine ta za ta ƙarasa nuna, alhali na san ba haka ba ne, domin a ranar na matsa idonta da farce, farin ruwa ne ya fito kamar madara. Da na shiga gida Inna ta riga ta ji. Ta tambaye ni sau biyu ko da gaske Malam ya faɗi haka, na ce da gaske, a zaure ya faɗa min da safen tafiyarsa. Ta daɗe tana kallona, sannan ta ce to Allah ya sa alheri, amma ita shekara talatin da biyar tana tare da shi ba ta taɓa jin ya yi kyautar ko zangarniya ɗaya ba kafin ya cire iri.

Ranar Alhamis aka yi gayya, irin wadda ban taɓa ganin an yi wa gonar kowa ba. Samari sun fi sittin, da adduna da fartanyoyi da garemani, har da mai ganga. Ni na fara sara. Kafin hantsi mun ci taku arba'in ɗin, sai aka ja igiya aka ce da saura. Aka ƙara. Sai aka ce ina 'yan kallo za su tsaya, aka ƙara. Sai aka ce rumfar manyan baƙi fa, aka ƙara. Masu garma suna biye suna baje kunyoyi, wasu suna tone tushiya, wasu suna daddaɓe ƙasa da faskare. Wajen azahar sai ga maƙwabcin gonarmu ya iso da sandarsa, wani dattijo Kirista wanda suka tashi tare da Baba, tare suke gayya tun suna samari. Ya ja ni gefe inda ba mai ji, ya ce shi bai yarda Malam ya faɗi wannan magana ba, amma ba zai ƙaryata ni a gaban jama'a ba. Ya ce abu ɗaya yake roƙo, in bar kunya uku na can ƙarshe, ko don iri, ba za su hana kowa buga ƙwallo ba. Na duba, kunya ukun nan suna daidai inda aka ce motar Alhaji mai kofi za ta tsaya. Na ce masa ya yi haƙuri, an riga an tsara wurin. Har da 'yar dariyata. Ya ce in tuna shi ya roƙe ni, ya juya ya tafi, ni kuma na kira mutum huɗu muka kwantar da su kafin a kira la'asar.

Ranar Asabar aka yi wasan da har gobe ake ba da labarinsa a garinmu. Ban taɓa ganin taro irin wannan ba, mutane daga Maska, daga Gozaki, wasu a kan kekuna wasu a bayan akori-kura, masu rake da masu ƙosai sun kewaye fili. Kafin a fara, mai lasifika ya yi ta kwarara wa Baba kirari, yana cewa ga dattijon da ya sadaukar da abincin gidansa don mutuncin garinsu, jama'a suna ta sa masa albarka. Na tuna ƙaryar da na yi, amma da aka busa usur sai na manta. An kai kusan tashi ba ci, sai ƙwallo ta faɗo min a ƙafar hagu daga nesa, na ɗaɗa ta. Yau in kun je garinmu za a gaya muku ƙwallon ta yi lanƙwasa a iska irin wadda ba a taɓa gani ba. Ƙarya ne. Bugun ma bai yi ƙarfi ba, mai tsaron gidansu ya riga ya durƙusa zai kama, sai ta ci karo da wata tushiyar dawa da ba a tone ba, ta yi tsalle ta wuce ta kafaɗarsa. Ragar tana ɓangaren gonar Baba ne. Da wannan ci ɗaya muka ɗauki kofi, aka zagaya da ni gari a kafaɗa, mata suna guɗa ta kan katanga. Motar Alhaji ba ta fi awa biyu a wurin da aka tanadar mata ba.

Ranar Laraba Baba ya dawo, da baƙin tabarau a fuskarsa, yana ta murna wai har ganyen bishiya yana iya ƙirgawa. Na yi niyyar in riga kowa gaya masa, na kasa, na tsaya ina ta kai da kawo da kayansa. Ko ruwa bai gama sha ba sai ga sallama, mai gari ne da liman da malamin wasanni da dattawa, sun zo yi masa sannu da zuwa da godiya, har da kofin a hannu. Aka zauna a zaure, mai gari ya fara jawabi, yana cewa abin da Malam ya yi ba za a manta da shi ba, ya ba da gonarsa da dawarsa tana tsaye don kada a wulaƙanta gari. Ina durƙushe a bakin ƙofa, na ga hannun Baba da ke riƙe da moɗa ya tsaya cak. Ya juyo da fuskarsa wajena. Saboda tabaran ban ga idonsa ba, kuma har yau ina gode wa Allah da ban gani ba. Sannan ya ajiye moɗar ya ce ba komai, Allah ya sa an yi a sa'a, ya kuma taya su murna. Har kofin ya karɓa ya shafa. Da suka tafi, yayana ya shaƙe ni a tsakar gida, Inna tana kuka tana cewa dama jikinta ya ba ta. Baba ya daka tsawar da ban taɓa jin ya yi ba, ya ce a sake ni, kuma duk wanda ya fitar da wannan magana waje bai yafe ba, domin ba zai yarda a riƙa nuna ɗansa a gari ana cewa ga maƙaryaci ba.

Washegari bayan an sauko daga sallar asuba ya ce in raka shi gona. Muka tafi. Ya tsaya a tsakiyar fili, ga farin layin toka, ga ɓawon rake ko'ina, ya cire tabaran duk da likita ya hana, ya juya gabas da yamma a hankali. Ido sabo, abin da ya fara gani da shi ke nan. Tambaya ɗaya ya yi min, cikin sanyin murya, ya ce ko na bar masa kunya ɗaya a wani gefe. Na ce a'a. Ban gaya masa an roƙe ni kunya uku na hana ba, amma na san abokinsa zai faɗa masa, ko kuma ya ɓoye masa don tausayi, har yau ban san wanne ya yi ba. Ya taka zuwa inda muka tara karan. Zangarniyoyin sun yi baƙi sun yi fumfuna, awaki sun ci na sama. Ya durƙusa yana tonawa, yana zaɓar waɗanda suka ɗan fi, yana zubawa a gaban rigarsa. Na sunkuya zan taya shi, ya ce in bari. Ya shanya su, ya rataye a saman murhu kamar kullum. Da damina ta zo ya shuka su a bayan gida, kullum da safe sai ya je ya tsuguna yana duba ramukan. Ya yi kwana goma sha biyu yana zuwa, ko ɗaya ba ta tsiro ba, daga nan ya daina.

Gonar ma ba ta dawo ba. Tunda an ce kyauta ya yi, sai gari ya ɗauka kyauta ce ta har abada. Aka kafa turakun ƙarfe, aka riƙa kiran wurin da sunan Baba, kuma ba yadda zai ce a ba shi abinsa ba tare da ya tona min asiri ba. Bai taɓa nema ba. In zai je ɗaya gonar tamu sai ya zagaya ta bayan kasuwa, tafiyar da ta ninka, don kada ya bi ta gefen filin. A shekarar muka ci tuwon masara, Baba yana ci, sai dai ya rage loma. Bai zage ni ba, bai daina amsa gaisuwata ba, da na tashi aure shi ya yi min komai. Abu ɗaya ne ya canza, bai sake cewa ya bar wani abu a hannuna ba. In zai yi tafiya sai ya ba Inna mabuɗin rumbu, ya bar wa maƙwabcinmu sallahun gona, ni kuma ya ce min sai ya dawo. Wallahi da ya ɗaure ni ya yi min dukan tsiya da ya fi min sauƙi. A waje ana nuna ni ana cewa ga wanda ya ciyo mana kofi, ɗan wanda ya ba mu fili, ni kuma ina washe baki ina amsawa.

Ƙwallon da na yi dominta ba ta kai ni ko'ina ba. Na je gwaji Kaduna sau biyu, gwiwa ta goce, na dawo. Abin dariya, sana'ar da Allah ya tsaga da rabona a ciki ita ce sayar da iri da taki a kasuwa. Tun daga nan na shiga neman dawar nan kamar mai neman ɓataccen ɗa. Duk manomin da ya zo rumfata sai na tambaye shi ko ya san mai tsohuwar jar dawa doguwa. Na hau babur na je ƙauyukan Maska, na je har Matazu, in na samo mai kama da ita sai in ƙullo a leda in kawo wa Baba in ce wai wani ne ya ba ni. Yakan murza ta a tafin hannu, ya jefa ƙwaya ɗaya a baki ya tauna, ya ce mai kyau ce, Allah ya yi albarka, ya miƙo min abata. Mu duka mun san abin da nake nema, mun kuma san ba ita ba ce. Shekara goma sha ɗaya muna wannan, ban taɓa iya buɗe baki na ce Baba ka yafe min ba. Kullum sai in ce sai na samo ta tukuna, in haɗa da roƙon.

Sai da ya kwanta ciwon ajali na ga lokaci zai ƙure min. Wata ranar Juma'a da hantsi, daga ni sai shi a ɗaki, na kama ƙafarsa na faɗi duk abin da ya riga ya sani, na ƙara da maganar kunya uku. Ya ce in daina kuka, gona da ƙarya ya yafe su tun ranar da ya dawo daga Zariya, duniya da lahira. Sannan ya ce amma irin ba nasa ba ne balle ya yafe, shi ma ba shi aka yi ya riƙe ya miƙa, kuma a hannunsa ya yanke, wannan ne abin da ke damunsa in ya tuna zai je ya tarar da mahaifinsa. Bai faɗa don ya ƙona min rai ba, yana faɗa yana shafa kaina. Ashe duk shekarun nan shi kansa yake tuhuma, wai da bai tafi asibiti ba sai bayan girbi. Bayan kwana shida ya rasu. Shekara biyu da rasuwarsa na samu wata tsohuwa a wani ƙauye kusa da Gozaki tana da 'yar jar dawa a tukunya, na shuka, ta fito doguwa mai sunkuyar da kai, kamar ta Baba. Na kai wa Inna ta tuƙa, ta ci loma biyu, ta ce ita ba za ta rantse ba, bakinta ya tsufa. Abokin Baba ma a lokacin ya riga mu gidan gaskiya. Har yau ina shuka ta, amma babu sauran mai iya gaya min ko ita ce.

Abin da ya sa na ɗauki biro yanzu shi ne, matasan garinmu suna shirin bikin tunawa da cin kofin nan, wanda har yau shi ne kaɗai muka taɓa ci. Za su kafa allo a bakin fili da sunan Baba, a rubuta cewa shi ne ya sadaukar da gonarsa, kuma ni suka zaɓa in yi jawabi in ba da labarin ƙwallon da ta yi lanƙwasa a iska. Na yi mako biyu ina juya abin. Baba ya hana a faɗa don ya kare ni, kuma na sha inuwar wannan kariya har na yi furfura a cikinta. Na je na shawarci Inna, ta ce ɗan da Malam ya rufa wa asiri yaro ne, ni kuwa yanzu na kusa aurar da 'ya, in yi abin da zan iya tsayawa da shi gaban Allah. Don haka na yanke zan tsaya a gaban jama'a in faɗa musu Baba bai ba da gona ba, ƙwace masa aka yi, kuma ɗansa ne ya ƙwace. In sun ga dama su kafa allon duk da haka, domin abin da ya bayar a zauren nan ya fi gona. Na san akwai waɗanda ba za su sake kirana kyaftin ba, kuma ina jin tsoron ranar, ba zan ɓoye muku ba.

Abin da na koya, na koye shi da tsada. Duk ranar tarihi da kuka ji ana ba da labarinta, ta wasa ce ko ta wani abu, akwai wanda aka taka kafin a kai gare ta, kuma sau da yawa shi ne ba ya magana. Ina kira ga matasa, musamman masu jin jama'a na tafa musu, ku ji tsoron lokacin da kowa ya zuba muku ido ana jiran ku ce wani abu, domin a irin wannan lokaci ne baki ke yin kyauta da abin da ba nasa ba. Kada ku ce iyayenku sun ce alhali ba su ce ba, ko da kun tabbata za su rufa muku asiri, don wannan rufin asirin a jikinsu yake fita. In an bar muku amana, ku riƙe ta har mai ita ya dawo, wasa ana sake bugawa wata shekara. In kuma kun riga kun yi ɓarna, kada ku jira sai kun gyara kafin ku nemi gafara, ni na jira shekara goma sha ɗaya ban gyara komai ba. In wani babba ya ja ku gefe ya roƙe ku ku rage wani abu kaɗan, ku tsaya ku saurare shi. Kofin nan yana ofishin shugaban makaranta, ya yi tsatsa, hannunsa ɗaya ya karye. Ni kuwa duk ranar kasuwa ta gefen filin nake bi, kuma ban taɓa wucewa ban kalli kusurwar yamma ba, inda mota ta tsaya awa biyu. Kunya uku kawai aka roƙe ni.